Ranar da Kankanarmu Ta Riga Mu Sauka

Ɗana na fari mutumin kirki ne, ba don ni na haife shi nake faɗa ba. Ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya shaye-shaye, ko tsohuwar da bai sani ba ya gani da kaya sai ya karɓar mata. Aibinsa guda ne, ba ya iya jira. Tun yana ƙarami shayi bai taɓa hucewa a hannunsa ba, da zafinsa yake kurɓa yana fifita harshe. In ka aike shi, kafin ka gama faɗin saƙon ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya tambaye ka me ka ce a sayo. Duk abin da aka ce masa amsarsa "yanzu-yanzu", har sunan ya bi shi. Gida da waje Yanzu-yanzu ake kiransa, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar wani muƙami aka ba shi.

Da ya girma sai ya tafi birni ya kama haya da babur. Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ni mace ce mai fargaba, na sani, yarana ma sun sani. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, ba ta yi ƙara ba gabana ya faɗi. In na ji an yi hatsari, ko a wata ƙasa ce, sai na kira shi.

"Mama, ina kan hanya ne," yakan ce.

"To kana tuƙi kana amsa waya? Kashe mana."

"Ke fa kika kira."

Gonarmu a jikin tudu take. Gidan yana ƙasa, itatuwan lemo a tsakiya, can sama kuma fili ne shimfiɗaɗɗe inda muke shuka kankana. Hanya ɗaya ce ke haɗa su, mai tsakuwa, miƙaƙƙiya kamar an jingina tsani, sai dab da gida ta yi kwana inda muke tara takin kaji da na dabbobi. Babansu ya daɗe yana hawa da sauka a hanyar nan da wata ƙaramar tarakta ja, wadda take jan 'yar tirela a baya. Bai taɓa ko gogar itace da ita ba. Sai ciwon gwiwa ya sa shi gaba, har likita ya hana shi taka kuloci.

Ƙanwar Yanzu-yanzu ce ta riƙe tuƙin na ɗan lokaci. Ita kiwon kaji ne sana'arta, amma ta koyi tarakta a wurin babanta, kuma tafiyarta irin tasa ce, a hankali. Ni kuwa da na ga dama ta samu, sai na sa babansu a gaba da magiya, safe da yamma, har ya gaji ya kira yaron a waya ina tsaye a kansa.

"Ka dawo gida," ya ce masa. "Ka yi mana noman bana. In ka sauko da amfanin gonar nan kai lafiya, tarakta lafiya, makulli naka ne, gonar sama ma taka ce. In ka kasa, ba zan ba ka ba, ko uwarka za ta yi kukan da zai cika bokiti."

"Yanzu-yanzu, Baba," in ji shi. Kuma da gaske washegari sai ga shi da jaka ɗaure a bayan babur.

Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Ni dai a nawa lissafin, duk wanda ya baro titin birni ya dawo gona ya tsira. Me zai sami mutum a cikin kankana?

Babansu ya sa aka kai masa kujera gindin tarakta, ya zauna ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya fara koya masa. Ina daga bakin kicin ina ɓare albasa, kunnena yana wurinsu. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da ya shafi ran ɗana ba ya wuce ni.

"Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko," in ji babansu. "Tun kana sama a kan shimfiɗaɗɗen fili za ka sa ƙaramar giya, sannan ka ɗauke ƙafarka daga kuloci kamar wuta ce a wurin. Injin ne zai riƙe ka. Birkin nan na tayoyin baya ne kawai, ba zai iya da kai da kaya da gangara ba."

"Na gane, Baba."

"Ba ka gane ba, ban gama ba. Duba ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Birki nawa ka gani?"

"Biyu."

"Ɗaya na tayar hagu, ɗaya na ta dama. A cikin gona kana raba su don ka yi kwana a ƙaramin wuri. Amma kafin ka hau hanya, ka tura wannan 'yar sakatar ta haɗe su. In ka taka guda kana gudu, juyawa za ta yi da kai. Kuma kar ka kuskura ka ba gangara gefenka. Ko ka fuskance ta, ko ka ba ta baya."

Yanzu-yanzu ya yi dariya yana buga murfin injin da tafin hannu. "Baba, ni da na yi shekaru ina ratsa tsakanin manyan motoci, wannan 'yar akuyar ce za ta gagare ni?"

"Babur in ya faɗi kai kake ɗaga shi," in ji babansu. "Wannan in ta faɗi, a kanka za ta kwanta, sai an tara mutane."

Jin haka sai da na yanke yatsa da wuƙa.

Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan kujerar direba, wanda in an miƙar da shi yake wuce kan mutum. Babansu ya ce in tarakta ta kife shi ke tokare ƙasa, muddin mutum ya ɗaura bel ɗin kujera. Yanzu-yanzu ya ƙi jininsa, wai yana kama rassan lemo, kullum sai ya naɗe shi baya. To wannan kam na san maganinsa. Kowace safiya nakan tsaya a bakin hanya rungume da kular abincinsa.

"Miƙar da ƙarfen."

"Mama, rana tana yi."

"Ta yi. Miƙar da shi, ka ɗaura bel in ji ƙararsa da kunnena, sannan ka ga abinci."

"Wallahi ko jami'an kan hanya ba su takura mini haka ba."

"Su ba su haife ka ba."

Da tsaki da ƙunƙuni yake yi, amma yana yi, domin ɗana yana son cikinsa. Har abin ya zame masa jiki.

Gaskiya ya yi aiki. Ya yi huɗa, ya yi shuka, ya ja ruwa, bai taɓa cewa ya gaji ba. Abin da ya kasa jurewa shi ne saukowa. A ƙaramar giya tarakta kuka take yi kamar ana danne ta, tafiyar kuma ko mai sanda zai iya wuce ta. In ƙanwarsa ta karɓa ta sauko, yakan tsaya yana tafa mata.

"Sannu Hawainiya. Da kin ƙara jinkiri kaɗan da kankanar ta tsiro a tirela."

"Na dai iso, Yaya," takan ce, ba ta ko kallonsa.

Ni kuwa wannan kukan injin ya zama abokin hirata. Ina wanki, ina shara, in na ji shi yana gurnani daga sama har ƙasa, na san ɗana yana tafe lafiya. Sai wata rana na ji kukan ya ɗauke a tsakiyar hanya, ya koma ƙasa-ƙasa, ba a jima ba sai ga Yanzu-yanzu a tsakar gida yana washe baki, tirela ba kaya tana tsalle a bayansa. Na je na sami ƙanwarsa a ɗakin kaji na tambaye ta.

"Furi ya sa ta," ta ce.

"Mene ne kuma furi?"

"Cire giya, Mama. Haka 'yan babur suke yi in sun zo gangara, su saki abin ya tafi da kansa, wai suna tattalin mai."

Ni ciki gare ni da ba ya riƙe magana. Kafin a gama cin abincin rana babansu ya ji. Ya ajiye cokali ya dubi yaron.

"Tattalin mai, ko?"

"Baba, ai ba kaya a baya. Kuma ka ga yadda na iso da wuri."

"Na gani. Yau tirela ce ke bin ka. Ranar da ka cika ta, ita za ta tura ka, kuma ba ta da ido. Wannan ne gargaɗin ƙarshe."

Yanzu-yanzu ya harare ni ta gefen ido. "Mama, ke da gidan rediyo ba ku da bambanci."

"Na yarda," na ce. "Ƙara miya."

Daga nan ya shiryu, ko in ce ya daure. Kankana ta yi kyau a shekarar, manya-manya, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Aka fara ɗiba ana saukowa da ita kaɗan-kaɗan, kukan injin bai ƙara ɗaukewa ba. Har babansu ya fara cewa da ni a ɓoye, "Yaron naki fa kamar zai yi hankali." Na ce, "Namu dai."

Ranar ɗiban ƙarshe mai sayen kayan ya aiko da babbar mota tun da hantsi. Direban wani mai ƙaton ciki ne, mai son hira, amma hannunsa ba ya rabuwa da danna odar motarsa. Ya ce yana da wata gonar da zai biya, ga hadari yana haɗuwa. Babansu ya ba shi benci ya ce ya zauna, saura sawu kaɗan. Makullin ajiya na tarakta, wanda bai taɓa ba kowa ba, na ga ya sa shi a aljihun gaba tun da safe. Na san nufinsa. Har na yanka kaza.

Abin da ya faru a sama, daga baya ƙanwarsa ta ba ni labari. Da suka gama tara kankanar, ta dubi tulin ta ce, "Yaya, wannan sawu biyu ne."

"Sawu ɗaya ne in mutum ya iya lodi."

"Ta yi nauyi. Ka raba."

"Ba kya jin oda? Mutumin nan zai tafi ya bar mu da kaya. Ke dai miƙo."

Ya jera su har suka yi tozo, ya ɗora wasu a kai. Da zai juyo da tarakta a ƙarshen kunya, wurin ya matse, sai ya zare sakatar birki ya taka guda ya yi kwanarsa tsaf. Yana cikin jin daɗin kwanar oda ta sake tashi daga ƙasa, bai mayar da sakatar ba. Ƙanwarsa ta biyo shi a ƙafa da kwando a ka.

Ni ina tsakar gida ina kwashe shanya saboda hadari. Na ji injin ya taso da gurnaninsa, na ce alhamdu lillahi. Ya wuce itatuwan lemo na sama. Direba ya leƙa motarsa ya ƙara danna oda, doguwa. Sai kukan ya ɗauke.

Zanin da ke hannuna ya faɗi. Babansu, mai ciwon gwiwa, ban san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

Shi Yanzu-yanzu, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, ya ce a ransa ɗan taƙi kawai zai sake ta, in ta ɗan yi gudu ya mayar da giya. Da farko har iska ta fara yi masa daɗi. Sai ya ji kamar wani ƙato ya dafa shi ta baya yana turawa. Ya taka kuloci ya nemi giya, giya ta ce ba ta san zancen ba, sai ƙara take kamar ana niƙa tsakuwa. Mu ma daga ƙasa mun ji wannan ƙarar. Ya ga kwana tana matsowa, ya ɗaga ƙafa ya danna birki da duk ƙarfinsa, ƙafar ta sauka a kan na hagu shi kaɗai.

Da idona na ga tarakta ta juya ta ba gangara gefenta. Tirela ta taho ta buge ta a ƙugu. Tayoyin sama suka ɗaga a hankali, kamar tana shawara, sannan ta kwanta da gefe a tsakiyar tulin taki. Ƙarfen nan ya nutse a ciki ya tokare, ba ta ƙara mirginawa ba.

Kankana kuwa ba wanda ya tokare ta. Ta ɓalle gaba ɗaya ta biyo hanya, manya a gaba ƙanana a baya, wasu suna tsalle, wasu suna fashewa. Kaji suka watse. Direba da ƙaton cikinsa ya ɗare matakalar motarsa kamar ɗan yaro. Guda ta bi ta tsakanin ƙafafun babansu, wata ta shige kicin ta kifar da tukunya. Ni ban san ta yadda na ratsa su ba. Na dai san na isa wurin da takalmi ɗaya, ina kiran sunansa na gaskiya, wanda na daɗe ban kira ba.

Na same shi rataye a bel, a karkace, taki ya rufe masa rabin fuska, ɓawon kankana a kafaɗa. Idonsa biyu. Ya dube ni ya tofar da abin da ke bakinsa.

"Mama, kar ki matso. Wari nake."

Ƙanwarsa ta iso da gudu, ranar na san ashe ta iya sauri. Ta zura hannu ta kashe injin ta zare makulli, sannan ta tallafe shi muka kwance bel ɗin. Babansu ya ƙaraso yana ɗingishi, ya tsuguna da ƙyar.

"Motsa yatsun ƙafarka. Na hannu. Juya wuyanka. Ina ke ciwo?"

"Wuyan hannu ne kawai, Baba."

Babansu ya daɗe riƙe da kan yaron a ƙirjinsa, da takin da komai. Ni kuwa sai a lokacin kuka ya zo mini, na zauna a ƙasa na yi mai isata.

Direba ya sauko daga mota yana kakkaɓe riga, ya dubi tsakar gida da ta koma ja. "Baba, na daɗe ina ɗaukar kaya," ya ce, "amma yau na fara ganin kayan da suka kawo kansu bakin mota."

Babansu bai so yin dariya ba, amma ta ƙwace masa. Ƙanwar ta kama, ni ma ina hawaye ina dariya. Yanzu-yanzu ne kaɗai bai yi ba. Yana kallon hannun babansa, wanda ya shiga aljihun gaba ya fito da makullin ajiya. Babansu ya miƙa wa ƙanwar.

"Haɗa da wanda ke hannunki," ya ce. "Ke ce mai tarakta."

"Baba," in ji Yanzu-yanzu, "kuskure ne."

"Na sani. Mantuwar sakata kuskure ce, da ita kaɗai ce da na yafe. Cire giya kuwa shawara ka yanke. Magana na yi maka a gaban uwarka, ba zan tashe ta ba."

An kai shi asibiti aka ce targaɗe ne, aka naɗe hannun. Maƙwabta suka zo da igiya aka tayar da tarakta, fitila ɗaya ta fashe, murfin taya ya lotse. Direba ya tsinci kankanar da ta tsira ya tafi da ita. Sauran kuwa, har unguwar gaba sai da aka aika wa. Mun sha, maƙwabta sun sha, kaji sun sha har suka fara kauda kai. Kazar da na yanka don murna, ita aka ci don jaje.

Amma ni tsorona bai ƙare ba. Yaron ya yi shiru, ba tsokana, ba waƙa a banɗaki. Na san zuciyarsa, na san kunya tana iya kora shi birni. Da hannun ya warke, wata safiya na fito na gan shi yana goge babur, yana duba mai. Na ƙarasa wurinsa.

"Tafiya za ka yi?" na ce.

"Eh."

"Birni?" na ce, na kama bakin zanina.

"Wurin makanike, Mama. Fitilar da na fasa zan sayo. Ke kam ko kasuwa mutum zai je sai kin yi masa bankwana."

Ya dawo kafin azahar, ya ɗaura fitilar da kansa. Washegari ƙanwarsa ta tayar da tarakta za ta hau share gonar sama. Ya zo ya tsaya kusa da ita yana sosa ƙeya.

"Hawainiya."

"Wa?"

"To, Malama. In mutum yana so ya sake koyo daga farko, a ina zai zauna?"

"Kujera ɗaya ce, Yaya, ba a ɗaukar fasinja. Ka biyo ni a ƙasa kana kallon ƙafata."

"Har sama?"

"Har sama. Ai ba gudu nake ba."

Babansu yana kan bencinsa yana jin su, bai ɗago ba. "In ka yi shekara kana bin ta," ya ce, "ma sake magana."

Yanzu-yanzu ya buɗe baki, na ga amsar da ya saba ta zo masa har leɓe. Sai ya haɗiye ta, ya saɓa fartanya ya bi bayan tarakta. Yau gonar sama ba tasa ba ce, makulli ma ba nasa ba ne. Amma yana gida, da ƙafafunsa biyu, kuma kullum da su yake hawa tudun.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, iya wani abu ba ya nufin ka iya ɗan'uwansa, kuma dabarar da ta yi maka amfani a wani wuri tana iya kashe ka a wani. In wanda ya riga ka sanin aiki ya ce ka bi a hankali, ba raina ka ya yi ba, ya san abin da ke gaba ne. Mai tuƙa tarakta a tudu ya zaɓi ƙaramar giya tun yana sama, ya haɗe birkinsa, ya rage kaya ko da zai yi sawu biyu, ya miƙar da ƙarfen kariya ya ɗaura bel, kuma kada odar kowa ta sa shi sakin abin da ke riƙe da shi. Ɗan jinkirin da ɗana ya ƙi jurewa ya jawo masa jiran shekara, kuma shi ya yi sa'a, domin da yawa ba a ba su damar jiran ba. Ku kuma iyaye mata 'yan'uwana, in an ce kun cika mita a kan abin da ya shafi rai, ku amsa sunan, ku ci gaba da yi.